Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin da suka halatta shuka wiwi a gida: kun ƙirga tsiro, kun bar ƙasar da yake tsirowa

Zuwa ga 'yan majalisa, da shugabannin hukumomin lafiya da na aikin gona, na ƙasashen da suka bai wa jama'arsu damar shuka tabar wiwi a gida.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Gara in faɗa tun daga farko, don kada a yi mini wata fahimta: ba na cikin waɗanda suka yi murna da dokokin da kuka zartar. A mafi yawan ƙasashen duniya shuka wiwi laifi ne har gobe, kuma ban ɗauki alƙalami don in kwaɗaita wa kowa ita ba. Amma a wurarenku bakin alƙalami ya riga ya bushe. Uruguwai ce ta buɗe ƙofa a Disamban 2013, zamanin Shugaba Mujika, ta amince wa gida da tsiro shida da girbin da bai wuce giram 480 a shekara ba, da sharaɗin yin rajista. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018 da tsiro huɗu ga kowane gida, ko da yake lardin Kebek ya ce ba da shi ba, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar masa da wannan haƙƙi a 2023. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta yanke hukunci a Satumban 2018 cewa baligi na iya shukawa a keɓe don amfanin kansa. Malta ta shigo a 2021, Luksambok a 2023, kowacce da tsiro huɗu. Jamus kuwa daga ranar 1 ga Afrilun 2024 ta ba kowane baligi tsiro uku, giram 50 a gida, giram 25 a aljihu in ya fita. Jihohin Amurka da dama su ma kowacce da nata lissafin.

Duk wanda ya karanta waɗannan dokoki zai ga cewa hankalinku ya tafi ne kan ƙirga: tsiro nawa, giram nawa, shekara nawa ne mai shukar. Wasunku sun ƙara da cewa a ɓoye tsiron daga idon masu wucewa, a kuma kulle shi daga hannun yara. Wannan duk daidai ne. Abin da na rasa a ciki shi ne magana kan ƙasar da za a shuka abin, da takin da za a zuba mata. Kun bar wannan ɓangare gaba ɗaya a hannun masu sayar da buhunan ƙasa da masu ba da shawara a intanet, su kuwa waƙarsu ɗaya ce: ka guji takin zamani, ka yi amfani da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da kashin tana, abin da ka girba zai fito tsab, babu abin da zai cuce ka. Mutane da yawa sun gaskata wannan, kuma shirunku ne ya ba shi gindin zama.

Ba ina kushe noma da takin gargajiya ba ne. Ƙasa mai rai, wadda tana da ƙananan halittu ke aiki a cikinta, ta fi riƙe ruwa, ta fi daɗewa tana ba da amfani, kowane manomi ya san haka. Sai dai wiwi tana da wata ɗabi'a da ba kowace shuka ke da ita ba, wato zuƙe ƙarafa masu guba daga ƙasa. Masana sun daɗe da sanin wannan, har ma suna amfani da shi. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada shuka nau'in wiwi da ake nomawa don zare da igiya, wanda ba ya bugarwa, a kusa da Canobil ta ƙasar Yukren, don a ga ko zai rage gubar da ta gurɓata ƙasar wurin. A Taranto ta kudancin Italiya, inda hayaƙin wata babbar masana'antar ƙarfe ya lalata makiyaya har aka hallaka garken tumaki, an koma shuka irin wannan wiwin a gonar da tumakin suka bari, da fatan ya tsabtace ta. Shukar da ake kira don ta kwashe guba daga gona ita ce kuka ce wa mutum ya dasa a bayan gidansa, ya busar, ya kunna mata wuta, ya zuƙa.

Gaskiya ne mafi yawan abin da take zuƙa a saiwa yake tsayawa. Amma wani kaso yana hawa zuwa ganye da fure, musamman kadmiyom, kuma ƙasa mai tsami tana ƙara sauƙaƙe masa hanya. A nan ne bambancin ci da sha yake bayyana. Hanji kaɗan yake ɗauka daga kadmiyom ɗin da ya shigo da abinci, huhu kuwa yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin wannan daga hayaƙi. Shi ya sa masu shan sigari suka fi sauran mutane yawan kadmiyom a jiki, domin ita ma taba zuƙau ce. In ya shiga, ƙoda yake nufa ya zauna, kuma sai an yi shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa ya fita. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Dalma kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a kira shi marar illa. A 2023 masu bincike na Jami'ar Kolumbiya da ke Niyu Yok suka duba bayanan lafiyar Amurkawa sama da 7,000, suka tarar waɗanda ke shan wiwi, ko da ba sa shan sigari, sun fi waɗanda ba sa shan komai yawan dalma da kadmiyom a jini da fitsari.

Daga ina ƙarafan suke zuwa? Mai shuka a gida yana ɗauka cewa guba a buhun takin zamani kaɗai take. Ƙasar bayan gidansa na iya fin buhun haɗari. Tsofaffin gidaje an shafe su da fenti mai dalma shekaru aru-aru (Amurka ba ta hana shi a gidaje ba sai 1978), fentin ya ɓare, ya zama gari, ya kwanta a gindin bango, daidai inda mai son ɓoye shukarsa zai so ya dasa ta. Fetur mai dalma bai ƙare a duniya ba sai 2021, kuma abin da motoci suka yi ta fesawa na nan kwance a ƙasar da ke gefen manyan hanyoyi. Dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke ta. Ƙasar na iya zama baƙa wuluk, mai laushi, mai ƙamshi, cike da tana, alhali tana ɗauke da ita. Ido da hanci ba su da aiki a nan, sai ɗakin gwaje-gwaje.

Su ma kayan da ake sayarwa da sunan na halitta ba su tsira ba. Garin dutsen fosfet, wanda dokokin noman gargajiya suka amince da shi, yana zuwa da kadmiyom daga ma'adinarsa, yawansa ya danganta da inda aka haƙo shi. Tarayyar Turai ta san da wannan, shi ya sa dokarta ta taki ta 2019, wadda ta fara aiki a Yulin 2022, ta ƙayyade kadmiyom a miligiram 60 cikin kowane kilo na fosfet. Amma an yi wannan awo ne da tunanin alkama da dankali, ba a yi shi don furen da za a ƙona a shaƙa ba. Ciyawar teku da ake niƙawa a zuba wa shuka tana ɗauke da arsenik. Kashin aladu na gidajen gona na zamani yakan zo da tagulla da tutiya saboda abin da ake haɗa musu a abinci. Akwai kuma takin da ake yi da laka ta matatar bahaya, wanda wani lokaci yakan ɓuya a cikin buhun ƙasar lambu ƙarƙashin suna mai daɗi. Jihar Men ta Amurka ta haramta watsa shi a gonaki a 2022 bayan an gano sinadaran da ba sa ruɓewa sun shiga rijiyoyi da madarar shanu. Mutum ya gudu daga dillalin titi don tsoron abin da aka cakuɗa masa, ya dawo gida ya haɗa wa kansa wani da hannunsa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Labarin da ya sa na ƙudura rubuta wannan wasiƙa shi ne na kashin jemage. Masu shuka wiwi sun ɗaukaka shi ƙwarai, suna cewa babu takin da ya kai shi sa fure ya yi kyau. A ƙarshen 2024 likitoci a Rocesta ta jihar Niyu Yok suka wallafa rahoton wasu maza biyu, ɗaya mai shekara 59, ɗaya 64, da suka rasu sakamakon cutar huhu da ake kira histoplasmosis. Wani nau'in fumfuna ne ke kawo ta, yana rayuwa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru, mutum kuma ta numfashi yake kamuwa. Ɗayansu a intanet ya sayi takin. Ɗayan kuwa a saman rufin gidansa ya tarar da shi jibge, ya ga kamar ya yi tsintuwa. Dukansu suna da wasu cututtuka tun da farko, wannan gaskiya ne, amma ai irin waɗannan mutane su ne da yawa daga cikin masu shukar: masu ciwon da ya ƙi jin magani, masu fama da sankara, waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni suka ji an ce wiwi na rage raɗaɗi. Tun kafin tsiron ya kai ga yin fure, takin ya riga ya yi ɓarnarsa.

Ba kashin jemage kaɗai ba. Tulin taki da ke ruɓa gidan wani fumfuna ne mai suna Asfajilus, wanda zafin tulin ba ya kashe shi, kuma shi ne yakan kama furen da aka busar a ɗaki mai laima. Mai ƙoshin lafiya yana shaƙarsa kullum ba tare da ya sani ba, amma ga mai raunin garkuwa yana iya cin huhu. Kashin dabbobi da bai gama ruɓewa ba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ƙa'idar masu yin taki na kasuwa a Amurka ita ce tulin ya kai zafin digiri 55 na Selsiyos ya kuma daɗe a haka na kwanaki, abin da ɗan ƙaramin tuli a lungun gida da wuya ya kai. A Ostareliya da Niyu Zilan an san wata cutar huhu mai tsanani da ake ɗauka daga ƙurar ƙasar tukwane, shi ya sa buhunansu ke ɗauke da gargaɗi ƙarara: a buɗe a sarari, a jiƙa kafin a taɓa, a rufe hanci, a wanke hannu. Wannan 'yar gajeriyar sanarwa ba ta ci wa gwamnatocinsu wani kuɗi ba. Mene ne ya hana ku yin irinta?

Sai batun feshi. Idan ƙwari ko fumfuna suka kama tsiro ukun da mutum ya yi watanni yana lallaɓawa, ba zai tsaya yana kallo su mutu ba, kantin kayan lambu zai nufa. Duk maganin da zai tarar a can an gwada shi ne a kan abin da ake wankewa a ci. Ba don abin da za a ƙona a shaƙa aka gwada shi ba. Kanada ta ga wannan da idonta a ƙarshen 2016 da farkon 2017, lokacin da aka janye wiwin magani daga kasuwa saboda an samu wani maganin fumfuna mai suna maikulobutanil a jikinsa. Ana fesa shi a kan inabi ba tare da fargaba ba, amma idan aka ƙona shi yana fitar da iskar sayanaid mai guba. Wannan ne ya kai ga wajabta gwajin maganin ƙwari a kan kamfanoni masu lasisi daga farkon 2019. Su ma magungunan da ake kira na halitta, irin su man darbejiya da ruwan tagulla da farar wuta, an amince da su ne don ciki, ba a amince da su don huhu ba. Mai shuka a gida bai san wannan bambanci ba, kuma ba laifinsa ba ne, babu wanda ya gaya masa.

A nan ne nake ganin rashin adalcin tsarinku ya fi fitowa fili. Kamfanin da ke noma don sayarwa kun ɗaure shi da sharuɗɗa. A Kalifoniya ba a kai kaya kanti sai an gwada shi don neman dalma da kadmiyom da arsenik da zaiba, da fumfuna, da ragowar maganin ƙwari. Jamus ta gindaya wa ƙungiyoyin noma na haɗin gwiwa, waɗanda suka fara a Yulin 2024 da iyakar mambobi 500, ƙa'idojin inganci. Ma'ana kun san haɗarin sarai, tunda kun rubuta shi a doka. To me ya sa sanin ya tsaya a ƙofar kamfani? Huhun wanda ya shuka a tukunya a barandarsa da na wanda ya saya a kanti ai iri ɗaya ne. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da kuka kafa lokacin muhawara shi ne kare lafiyar masu sha daga gurɓataccen kayan kasuwar bayan fage. Idan da gaske kuke, wannan giɓi ya rushe rabin hujjar.

Akwai wani ruɗi kuma da nake so ku fito ku warware da bakinku. Ko da ƙasar ta fito tsab, babu dalma babu fumfuna, abin da ke bugarwa a cikin wiwi yana nan yadda yake. Takin gargajiya ba ya rage ƙarfin THC, wato sinadarin da ke bugarwa, kuma irin da ake sayarwa yanzu an tace shi ne musamman don ya yi ƙarfi. Wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa a 1995 yana da THC kusan kashi 4 cikin 100. Zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 na Turai da Barazil, ya nuna masu sha kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na cewa kusan uku cikin kowane goma na masu sha suna faɗawa cikin matsalar kasa dainawa. Hayaƙi kuma hayaƙi ne, ko da me aka ciyar da shukar. Matashin da ya ji mahaifinsa na cewa "ai wannan ganye ne kawai, da hannuna na shuka, babu sinadari ko ɗaya," darasin da zai ɗauka a bayyane yake. Wanda ya shuka kuma ba ya saye da awo, tulu ne cike a ɗaki, babu kuɗin da zai ƙare ya tilasta masa dakatawa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Mafi muhimmanci shi ne gwaji. Ku buɗe hanyar da mutum zai aika da ɗan samfurin ƙasarsa, da kuma na abin da ya girba, a duba masa ƙarafa da fumfuna a farashi mai sauƙi, ba tare da an rubuta sunansa a wani kundin da zai ji tsoro ba. Jami'o'i da ma'aikatun gona da dama sun riga suna gwada ƙasar lambu ga masu noman kayan miya, don haka ɗakunan gwajin suna nan, ma'aikatan suna nan. Matsalar a wasu wurare ta doka ce: a Amurka wiwi haramun ce a dokar tarayya, abin da ya sa cibiyoyin da ke cin kuɗin tarayya ke ɗari-ɗari da ba da shawara a kanta, ya kuma hana ta samun hatimin noman gargajiya na ma'aikatar gona ta ƙasa, har Kalifoniya ta ƙirƙiro nata hatimin daban. A Jamus kuma doka ta hana mai shuka miƙa wa wani abin da ya girba, don haka ya kamata a fayyace ƙarara cewa kai samfuri ɗakin gwaji ba laifi ba ne. Idan aka bar wannan a duhu, babu wanda zai yi kasadar zuwa.

Bayan gwaji sai buhu. Duk wanda ke sayar da ƙasa ko taki yana tallata shi ga masu shuka wiwi, a wajabta masa rubuta abin da ke ciki, da sakamakon gwajin ƙarafa, da ko an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Kashin jemage da ba a sarrafa ba, ni a ganina, bai kamata a bar shi a kasuwa ba sam. In kun ga hanin ya yi tsauri, to aƙalla a buga masa gargaɗi da manyan baƙaƙe. Haka kuma a haɗa kowane ƙunshin iri da takarda guda, cikin harshe mai sauƙi, wadda hukumar lafiya ce ta rubuta ta, ba ɗan kasuwa ba. Likitoci su ma a sanar da su. Majinyacin da ya zo da tari da zazzaɓi da rama da suka ƙi ƙarewa, a riƙa tambayarsa ko yana shuka wani abu a gida da kuma irin takin da yake taɓawa, domin wannan cuta ta kashin jemage tana kama da tarin fuka da sankarar huhu, ana iya ɓata makonni ana neman ta inda ba ta.

Na san abin da wasunku za su ce, cewa idan gwamnati ta fara ba da irin wannan bayani kamar ta sa wa abin albarka ne. Na fahimci wannan damuwa, domin ni ma ina da ita. Amma lokacin yin wannan tunani shi ne kafin a kaɗa ƙuri'a. Gwamnatin da ke buga hoton ruɓaɓɓen huhu a kwalin sigari babu wanda ya ce tana tallar sigari. Wasu kuma za su ce abin da mutum ya yi a cikin gidansa ruwansa ne. To a gidan akwai yaran da ke wasa da ƙasar tukunya suna kai hannu baki, akwai tsohuwar da ke shaƙar iskar ɗakin da laima ta cika, akwai mai hayar da zai gaji bangon da fumfuna ya ci bayan mai shukar ya tashi. Waɗannan ba su zaɓi komai ba.

Wasu daga cikin dokokinku sun tanadi a sake duba su bayan wasu shekaru. Ta Jamus ma ta rubuta hakan a cikinta. Ina roƙon idan lokacin ya zo, kada zaman ya tsaya kan yawan waɗanda aka kama da yawan harajin da aka tara. Ku gayyato masana ƙasa da likitocin huhu su zauna tare da lauyoyi da 'yan sanda, a tattaro samfurin abin da mutane ke girba a gidajensu da yardarsu, a gwada, a wallafa sakamakon kowa ya gani.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar al'amuran noma da lafiyar jama'a